Wai sai yaushe Buzu zai bar bakin ƙofa a finafinanmu?

'Yar Abzin ta Kurna:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya min a wuya tun daren jiya, in ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba. Muna zaune a tsakar gida ni da ƙannena da Babanmu, muna kallon wani shiri mai dogon zango a waya. Ba zan kama sunan shirin ba, don ba rigima na zo nema ba. Sai ga mai gadin gidan Alhajin ya fito, rawani har ido, takobi a rataye, butar shayi a kan gawayi, yana wata irin Hausa da yaron da aka yaye jiya ma ya fi shi iyawa. Aka aike shi ya sayo kati, ya dawo da katifa a ka. Ƙannena suka kwashe da dariya. Na waiga na dubi Baba, shi ma yana murmushi, amma irin murmushin da kake yi wa wanda ya taka maka ƙafa a sahu. Can ya miƙe ya ce bari ya je ya yi shafa'i da wuturi. Alhali na gan shi ya riga ya yi.

Kakana ya shigo Kano a 1974, lokacin farin da ya cinye dabbobin mutanen Abzin. Mace ɗaya, 'ya'ya uku, raƙumi ko ɗaya bai rage masa ba. Ya yi gadi, ban ɓoye ba, shekara 11 a wani gida a Nasarawa, kuma da kuɗin gadin ya sa Baba a makaranta. Baba ya yi shekara 30 yana koyarwa a sakandare, kuma kun san me yake koyarwa? Hausa. Ni a Kurna aka yanke min cibiya, Agadas sai a hoto na san ta, yaren kakannina bai wuce gaisuwa da zagin yara ba a bakina.

Tambayata ga masu harkar fim da ke cikin zauren nan: shekara 50 ke nan, mu mun shiga ɗaki mun yi 'ya'ya da jikoki, amma a fim har yau muna bakin ƙofa da buta. Ina ɗan mai gadin? Ina jikarsa?

Ɗan Kwari Layin Atamfa:
Wa alaikumus salam. Haba Malama, abin dariya ne fa, ba huɗubar Juma'a ba. Bafillatani nawa aka nuna ya shigo birni ya gai da madubi? Mu Kanawa ma ba a bar mu ba, kullum mu ne masu son kuɗi. Wa ya yi fushi? In aka cire irin wannan, da me za mu huta bayan mun tashi daga kasuwa?

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai gaskiya na yi dariyar katifar nan, ban san zan zo in ji kunya a nan ba. Allah Ya ba Baba haƙuri.

Haifaffen Sabon Gari:
Yaya 'Yar Abzin, kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni Ibo ne, a Sabon Gari aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana jirgin ƙasa ne ya kawo shi, ya gudu a rikicin 1966, ya dawo bayan an gama yaƙi a 1970, ya tarar maƙwabcinsa Bakano ya riƙe masa shagonsa, har kuɗin haya ya tara masa a gwangwani. Wannan labarin muna ba 'ya'yanmu shi a gida. Ba fim ba ne wannan? Amma ku duba Ibon da ake nuna muku: jar hula, zani ɗaure a ƙugu, ba ya iya haɗa kalma uku ba tare da ya karya biyu ba, kuma kullum ko maganin jabu yake sayarwa ko bashi yake bi. Mafi yawa ma Bahaushe ne ake sa wa hular ya kwaikwayi muryarmu.

Ɗan Kwari, ga rubutuna kana karantawa. Ka ga karyayyar Hausa a ciki? Da ni da kai in aka rufe mu a ɗaki muka yi magana, ba mai iya cewa ga Ibon.

Ɗan Kwari Layin Atamfa:
Kai daban ne, kai ɗan gida ne.

Haifaffen Sabon Gari:
To ai wannan "kai daban ne" ita ce matsalar. Mu dubbai ne masu "daban" ɗin.

Baba na Alfindiki:
Yara, ku ba tsoho wuri ya sa baki. Na koyar da tarihi har na yi ritaya, kuma abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda masu fim suke zaune a kan taska suna bara. Ku ɗauki sunayen unguwannin cikin birni kawai ku karanta, ba sai kun buɗe littafi ba. Agadasawa, su wa ye? Tudun Nufawa fa? Zangon Barebari? Ayagi, inda Yarbawa suka zauna tun kafin Bature ya zo? Unguwarmu Alfindiki sunanta daga Larabci ya fito, masaukin fatake ke nan. Dandalin Turawa kuwa, Turawan da ake nufi ba Nasara ba ne, Larabawan Tarabulus da Gadamus ne da suke ratso hamada da kaya. Sharifai suna danganta kansu da Shehu Magili, wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi. Kafin nan ma, zamanin Sarki Yaji, Wangarawa suka zo daga Mali da addini da kasuwanci.

Sannan ku zo kan fataken goro. Agalawa, Tokarawa, Kambarin Barebari, dukansu asalin kakanninsu daga wani wuri ne, biyun farko ma daga wajen ƙasar Abzin ɗin da 'yata take magana. Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, wanda ba a ambaton dukiyar Kano a tsallake sunansa, Ba'agale ne. Yau wa zai tsaya a gaban zuriyarsa ya ce musu baƙi? Garin nan tukunya ce, abin da aka zuba a ciki yakan narke. Bambancin kawai, wani ya shekara 500 a kan wuta, wani 50.

Amma 'yata, kada ki manta muna da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, kuma ba ƙiyayya ba ce. Bafillatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe. Da wannan wasan aka kashe wutar faɗa da yawa. Ina jin masu fim daga nan suka ɗauko.

'Yar Abzin ta Kurna:
Allah Ya ƙara lafiya Baba, na ƙaru ƙwarai. Amma ka yi min izini in ce wani abu. Wasan taubasai ana yinsa ne gaba da gaba. Ka tsokane ni, in rama, a tashi ana dariya. Bafillatani ya ce wa Babarbare bawansa, nan take zai sha amsa. A fim kuwa wa ke ramawa? An ba ɗaya baki, an ɗinke na ɗayan. Mai gadin nan ba a taɓa ba shi fitowa ɗaya da zai mayar wa Alhaji magana ya yi nasara ba. Ba mu san sunan matarsa ba. Ba mu san me ya baro ba. Ko rashin lafiya ba ya yi.

Baba na Alfindiki:
Wannan kuma kin kama ni. Na karɓa.

Mai Alƙalami na Titin Gidan Zu:
To, tunda an kira masu fim, ga ɗaya ya amsa. Ina rubuta labari, shekarata 9 a harkar, kuma na rantse na taɓa rubuta irin fitowar katifar nan da hannuna. Ba ita ba, amma 'yar uwarta. Bari in faɗa muku yadda tuwon yake tuƙuwa a madafa, ba don in wanke kaina ba.

Tun da kasuwar faifai ta mutu, harkar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Shiri mai dogon zango kowane mako sai an saki kashi ɗaya. Kuɗin furodusa yana dawowa ne ta yawan masu kallo da 'yan tallace-tallacen da ake sakawa a ciki. Mai kallo kuma da datarsa yake kallo, in ka ba shi minti biyar bai yi dariya ba, bai ga an yi faɗa ba, bai ga an yi soyayya ba, sai ya danna gaba. Don haka furodusa zai kira ka da dare ya ce, Malam, kashi na gaba ya yi nauyi, a sa mana ɗan abin dariya. Kana da kwana biyu. Me ya fi sauƙi? Ka ɗauko wanda mai kallo zai gane da ganin shigarsa, tun kafin ya buɗe baki. Rawani da buta, an gama. Jar hula, an gama. Ba sai ka gina masa tarihi ba, tufafin sun yi maka aikin.

Wanda kuke so a rubuta kuwa, sai na je Kurna na zauna da Babanki mako guda, na ji yadda ake magana a gidanku, me ake dafawa, me ake ɓoye wa yara. Wa zai biya ni kuɗin makon nan? Abin da ake ba marubuci a kashi ɗaya, in na faɗa a nan sai kun yi min karo-karo.

Sannan akwai tsoro. Labari sai ya bi ta hukumar tace finafinai da aka kafa a 2001, bayan ita kuma akwai babbar hukumar da ta fi ta zafi, wato masu sharhi a Facebook da TikTok. Da zarar ka taɓo auren ƙabila biyu, balle addini biyu, furodusa zai fara lissafin abin da zai biyo baya. Na taɓa rubuta labarin wata yarinya da uwarta Bakanuwa ce, ubanta Kwara, wato ɗan Lebanon, mai masaƙa, ya mutu, dangin uban suka ce ba su san ta ba, dangin uwar kuma suna kiranta 'yar Kwara. Na ba wani furodusa. Da fim ɗin ya fito, uban ya koma Alhaji ɗan siyasa, yarinyar ta koma 'yar kishiya. Ya ce min wai ina zai samo Kwaran da zai fito, kuma mutane ba za su gane ba.

Tsohon Ma'aikacin Bompai:
Ba za su gane ba? A Kano? Garin da yake da titin Beirut da titin Lebanon? Malam, wannan furodusan naka bai san garinsu ba. Kwarori sun fi shekara 100 a nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, suka shigo suna awo, daga nan suka koma yadi, Kantin Kwarin da Ɗan Kwari yake taƙama da shi su ne suka fara riƙe kantunansa kafin 'yan kasuwarmu su karɓe. Daga baya suka kafa masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Na yi shekara 22 a ƙarƙashin wani, tsohon in yana zagin ɗansa da Hausa yake yi, kuma da karin magana. Ran da matarsa ta rasu mu muka ɗauki gawar.

Amma kada a ce na zo yabo kawai. In za a yi fim ɗinsu a yi shi da gaskiya, a nuna albashin da muke karɓa, a nuna cewa mutum zai shekara 20 yana yi musu aiki bai taɓa shiga falonsu ba. A nuna kuma waɗanda suka auri matanmu suka riƙe da mutunci, da waɗanda suka yi 'ya'ya suka watsar. Duk akwai. Ni ba na son a mayar da baƙo mala'ika, wannan ma wata ƙaryar ce.

'Yar Abzin ta Kurna:
Baba na Bompai, nan muka haɗu. Ban ce a wanke mu ba. A cikin danginmu akwai ɓarawo, akwai mashayi, akwai wanda ya saki mata uku. A nuna shi. Mugun mutum ma ai mutum ne, yana da dalili, yana da uwa. Mai gadin fim kuwa bai kai matsayin mugu ba, kujera ce da aka ɗaura wa rawani.

Ɗalibi a Toronto:
Salam daga ƙasar sanyi. Wannan gardamar nan ma ana yinta, har ta fi zafi. Akwai wani shiri da aka yi a nan Kanada daga 2016 zuwa 2021, Kim's Convenience, kan iyalin 'yan Koriya masu ɗan kanti a Toronto. Ya karɓu sosai, amma da aka gama sai wasu daga cikin jaruman suka fito suka koka cewa fuskokin da ake gani nasu ne, masu riƙe da alƙalami da masu yanke hukunci kuwa mafi yawa Turawa ne. A Amurka kuma akwai Bob Hearts Abishola, daga 2019 zuwa 2024, kan wata ma'aikaciyar jinya Bayarabiya a Detroit. Wannan cikin waɗanda suka ƙirƙire shi akwai Gina Yashere, 'yar barkwanci haifaffiyar Landan da iyayenta 'yan Najeriya ne, shi ya sa in an yi Yarbanci a ciki Yarbanci ne na gaske.

Amma ga abin da ya shafe ni. Saboda irin wannan shirin, duk wanda na ce wa daga Najeriya nake, sai ya gaishe ni da Yarbanci ko ya tambaye ni shinkafar jalof. In na ce masa akwai masu jin Hausa miliyoyi daga Kano har Sudan, sai ya yi min kallon mai shirya tatsuniya. Wato ko an ba baƙo wuri a allo, wani baƙon ne ya samu, wani yana waje.

Ɗan Kwari Layin Atamfa:
Ka ji 'yan boko. Daga katifa an kai mu Kanada. Mu nan matsalarmu 'yan Chana ne da suka zo suka zauna mana a kasuwa, masarauta ma har wakili ta naɗa musu a 2019. Su ma a yi musu fim mai ban tausayi ke nan?

Mai Unguwar Zaure:
Ɗan Kwari, a yi a hankali. Muhawara muke, ba jifa ba.

Tsohon Ma'aikacin Bompai:
Ai da za a yi fim ɗin Kwari na gaskiya, da kai da ɗan Chanan duk kuna ciki, da tafintan da ke tsakaninku yana cin riba ta baki biyu. Ni zan saya in kalla.

Hajiya 'Yar Zango:
'Ya'yana, tun ɗazu nake karantawa, jikata ce take rubuta min don idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Kuna ta maganar baƙin da suka zo mana. Ni bari in ba ku labarin mu da muka je wa wasu.

A Zangon Kumasi aka haife ni. Kakana goro ne ya kai shi, ubana can aka haife shi. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana cikin mako biyu. Ina da shekara 9. Na tuna mahaifiyata tana sayar da gadonta na ƙarfe a kuɗin da bai kai na tabarma ba, na tuna babbar mota da muka cika kamar buhuna. Muka iso Kano, garin da kullum ake ce mana shi ne gida. Kun san me muka tarar? Yara suna bin mu a Fagge suna kwaikwayon Hausarmu. A can mu 'yan Najeriya ne, a nan mu 'yan Gana ne. Na yi shekara biyu ba na son buɗe baki a makarantar allo. Har na yi aure dangin mijina suna ce min Bagana, wata kishiyata ma har ta mutu ba ta kira sunana ba.

Da aka zo 1983 Najeriya ta kori 'yan Gana, ina kallo a Sabon Gari suna ɗaure kaya a jakar nan da har yau ake kira da sunansu. Mutane suna murna an rama. Ni na shiga ɗaki na yi kuka, don na san abin da ke cikin jakar.

Ina kallon finafinan nan da jikokina kullum. Kishiya, gado, yarinya ta ƙi wanda aka ba ta. Ban taɓa ganin Zango a cikinsu ba. Ga 'yan uwanmu a Sudan, garin Mai Wurno, zuriyar waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira, bayan an kashe shi a Burmi a 1903 suka ci gaba da tafiya gabas. Ga waɗanda suka tafi Makka a ƙasa suka maƙale a hanya, ga waɗanda aka haifa a Jidda aka kwaso su aka sauke a filin jirgin Malam Aminu Kano ba su san kowa ba. Duk wannan ba labari ba ne sai kishiya?

Maman 'Yan Biyu:
Wayyo Hajiya, kin sa ni hawaye. Maƙwabciyata irin waɗanda aka dawo da su daga Jidda ce, Larabci ya fi mata Hausa sauƙi, yaran layi suna ce mata Takari. Ban taɓa tambayarta yadda ta ji ba.

Haifaffen Sabon Gari:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Kuma ga wani abu da nake so Ɗan Kwari ya amsa min tsakani da Allah. In ka kunna fim ɗin Kudu ka ga an sa wani ya yi shigar Bahaushe, yana gadi, ana kiransa aboki, yana washe baki da goro yana karya Turanci, me kake ji? Na sha ganin ana zage-zage a kan wannan a Facebook, ana cewa an raina Arewa.

Ɗan Kwari Layin Atamfa:
Wannan ai raini ne ƙarara. Mu da muke da attajirai da malamai da janar-janar.

Haifaffen Sabon Gari:
To.

Ɗan Kwari Layin Atamfa:
Kai, ka iya ɗana tarko. Na ji, na faɗa. Amma bari ni ma in ɗana nawa, kuma duk wanda ke zauren nan ya amsa wa zuciyarsa. Kuna ta cewa fim, fim. Fim ɗin madubi ne. Yau ɗan mai gadin nan ya yi digiri, ya samu aiki, ya aiko neman 'yarka. Ba za a tashi tsofaffi su je binciken asali ba? Ba za a dawo a ce yaron kirki ne amma ba a san tushensu ba? Ni na ga an fasa aure a layinmu saboda wannan, an riga an kai lefe. To in mu a gidajenmu ba mu buɗe masa ƙofa ba, don me za mu ɗora wa mai fim laifi don ya bar shi a bakinta?

Baba na Alfindiki:
Ɗan Kwari, yau ka yi maganar manya, ko da yake ba inda ka nufa ta faɗa ba.

'Yar Abzin ta Kurna:
Ai wannan shi ne fim ɗin da nake nema, Ɗan Kwari, kai ka rubuta shi yanzu da bakinka. Kuma ba sai an je nesa ba. Yayata ce aka yi wa haka. Saurayin ɗan cikin birni, shekara uku suna tare, ranar da kawunsa ya ji inda kakanmu ya fito sai ya ce a dakata a yi istihara. Har yau ana istiharar, ita kuwa tana da 'ya'ya huɗu a wani gidan. Ƙanena kuma da zai shiga jami'a ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, aka ce ya kawo shaidar inda aka haifi kakansa. Baba da ya koyar da rabin ma'aikatan ofishin, sai da ya sa babbar riga ya je da kansa. Ya dawo da takardar, bai ci abincin dare ba.

Mai Alƙalami, ka ce mai kallo yana son faɗa da soyayya da kuka. Ga su nan duka uku, kyauta. Ba ka buƙatar jarumi daga Agadas, don jikan Buzu a Kano kamarsa ɗaya da kowa, Hausarsa ɗaya da ta kowa. Nan ma abin yake da daɗi: mai kallo zai so yaron kashi goma, ya ɗauka ɗan gida ne, sai a kashi na sha ɗaya kawu ya dawo daga bincike.

Mai Alƙalami na Titin Gidan Zu:
Malama, wallahi kin fi wasunmu iya tsara labari. Amma bari in faɗi inda zai karye. Furodusa zai ce a ƙarshe a gano cewa yaron ashe ɗan wani basarake ne da aka sace yana jariri, mai gadin riƙonsa kawai ya yi, sai a ɗaura aure kowa ya ji daɗi. Na rantse haka zai ce. Don mai kallo ba ya son a tashi a bar shi da laifi a hannu.

Hajiya 'Yar Zango:
To in aka yi haka ai an sake zagin mai gadin ke nan, an ce bai isa ya haifi ɗan kirki ba.

Mai Alƙalami na Titin Gidan Zu:
Haka ne Hajiya. Shi ya sa maganar Ɗalibi ta tsaya min, ta wanda ke riƙe da alƙalami. A ɗakunan da muke rubutu ban taɓa zama da ɗan Sabon Gari ba, ban taɓa zama da jikan Abzinawa da ya yarda ya faɗi haka ba. Wataƙila akwai su, sun yi shiru. Akwai 'yan Nijar da yawa a harkar, mawaƙa da jarumai, kuma kasuwarmu a Maraɗi da Damagaram ba ƙarama ba ce, amma duk wanda ya shigo rawar Bakano yake takawa.

Malama, in Baba zai yarda, ina so in zo in gaishe shi. Ban yi alkawarin fim ba, don ba ni da ko kyamara. Rubutun dai zan iya.

Ɗalibi a Toronto:
In an rubuta a sa sunanta a matsayin marubuciya, ba a yi mata godiya a ƙarshe da ƙananan baƙaƙe ba.

Ɗan Kwari Layin Atamfa:
Ni kuma a ba ni kawun. Na iya ɓata fuska.

'Yar Abzin ta Kurna:
Na karanta wa Baba duk abin da aka rubuta bayan la'asar. Ya daɗe a kan na Hajiya, ya sa na maimaita masa. Mai Alƙalami, ya ce ka zo ranar Asabar bayan azahar, amma ka sani jan biro yana nan bai bushe ba, duk inda ka rubuta "ƙ" babu lanƙwasa sai ya zagaye. Ya ce kuma in gaya muku abu biyu. Na farko, takobin kakana ba ta kwana ko wata uku a Kano ba, a Kurmi ya sayar da ita ya sayi buhun gero, da sanda ya yi gadinsa har ya bari. Na biyu, wai ko za a ci gaba da barin mutumin a bakin ƙofa, a gaya wa daraktan shayin Abzinawa sau uku ake zuba shi, kuma ba a sa madara.